Yadda Ake Daidaita Zafin Injin Ta Hanyar Feshi Alhali Ƙarafansa Na Jijjiga

Duk wanda ya taɓa daɗewa yana buga gem mai nauyi a waya, ko yana ɗaukar bidiyo da tsakar rana, ya san abin da ke biyo baya. Bayan wayar ya ɗau zafi, hoto ya fara tsaitsayawa, wani lokaci har hasken allo ya ragu da kansa. Wayar ce ke rage wa kanta gudu don kada zafi ya yi mata illa. Injin mota ma yana fama da irin wannan matsala, sai dai shi ba shi da damar cewa direba ya dakata a tsakiyar hawan tudu. Dole a kwashe zafin yayin da yake cikin aiki, kuma daga jikin ƙarafan da ba sa tsayawa wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido.

Ɗaya daga cikin dabarun da injiniyoyi ke amfani da su ita ce feshi: a harba mai ko ruwa kai tsaye a kan ƙarfen da ya yi zafi. Wannan darasi zai nuna yadda dabarar ke aiki, da abin da jijjiga ke sauyawa a cikinta, da kuma dalilin da ya sa rabin aikin ya koma hannun masu rubuta manhaja. Burin da ake nema shi ne a riƙe zafin ƙarfe a tsakanin iyakoki biyu, kada ya haura ta sama, kada kuma ya faɗo ƙasa da ta ƙasa.

Daga ina zafin ke fitowa?

A cikin kowace silinda akwai fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka. Idan fetur ko gas ya ƙone a samansa, zafin iskar da ke ciki kan wuce digiri 2000 a ma'aunin Selshiyos na ɗan taƙaitaccen lokaci. Fistan ɗin yawancin ƙananan motoci kuwa da alminiyam ake yin sa, wanda ke narkewa a digiri 660, kuma tun kafin a kai nan yake fara rasa ƙwarinsa. Shi ya sa ake ƙoƙarin riƙe saman fistan a wajen digiri 300 zuwa 350.

A ƙiyasin da aka saba yi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da aka ƙona ne ke juya taya. Wani kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa, ragowar kuma tsarin sanyaya injin ne ke kwashe shi. Ruwan lagireto yana zagaya bangon silinda da kan injin, amma ba ya isa ga fistan, domin ba a iya ɗaura tiyo a jikin abin da ke tsere sama da ƙasa. A tsofaffin injuna masu ƙaramin ƙarfi, zafin fistan yana bi ta ringi ya shiga bangon silinda, kuma hakan ya wadatar. Injunan yanzu ƙanana ne amma ana matsa musu da turbo su ba da ƙarfin manya, don haka ringi kaɗai ba ya iya ɗaukar nauyin.

Feshi iri biyu

Na farko shi ne wanda ke cikin miliyoyin motoci a yau. A ƙasan kowace silinda ana kafa ɗan siririn nozul da ke kallon sama. Famfon injin yana tura baƙin mai ta cikinsa, man ya daki ƙarƙashin fistan, ya ɗauki zafi, ya zubo cikin kaskon mai da ke ƙasan injin. A nan man ba ya tafasa, zafi kawai yake ɗauka ya tafi da shi.

Na biyu shi ne feshin da ake barin ruwan ya tafasa a jikin ƙarfen. Nozul yana farfasa ruwan zuwa ƙananan ɗigo, su bazu a kan ƙarfe su zama siririyar shimfiɗa, sannan su tashi a matsayin tururi. Lissafi kaɗan zai nuna amfanin hakan. Giram ɗaya na ruwa yana shan jul 334 kafin ya tashi daga digiri 20 zuwa 100. Amma kafin wannan giram ɗin ya zama tururi, sai ya sha ƙarin jul kusan 2260. Ke nan tashin tururi yana kwashe zafi kusan ninki bakwai na abin da ɗumama ruwan ya kwashe. Wannan ne sirrin sanyin ruwan randa: ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana tashi, ya tafi da zafin na ciki.

Ana amfani da feshi mai tafasa a masana'antun narka ƙarfe, kuma kamfanin Cray na Amurka ya sanyaya babbar kwamfutarsa mai suna X1 da shi, ta hanyar fesa wani ruwa na musamman da ba ya ɗaukar lantarki. A ɓangaren motoci kuwa har yanzu fagen bincike ne. Masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun yi gwaje-gwaje inda suka ɗora ƙarfe mai zafi a kan na'urar jijjiga suna fesa masa ruwa, don gano yadda za a riƙe zafinsa daidai a yanayi irin na cikin mota.

Iyakar da ba a son tsallakewa

Feshi mai tafasa yana da tarko. Muddin ruwan na taɓa ƙarfen yana fitar da ƙananan kumfa, ƙarin zafi yana jawo ƙarin tafasa, kuma sanyayawar na ƙaruwa. Amma akwai matakin da idan aka wuce shi, tururin ke yawa har ya fara shiga tsakanin ruwa da ƙarfe. Tururi kuwa ba ya wuce da zafi sosai, sai ya zama kamar bargo. Daga nan sanyayawa ta faɗi, ƙarfen ya ƙara zafi, tururin ya ƙara kauri, abin ya ci gaba da ciyar da kansa.

Ana iya ganin ƙarshen wannan lamari a kicin. Idan kasko ya yi zafi sama-sama aka ɗiga masa ruwa, nan take ruwan ke yin ƙara ya ƙafe. Idan kuwa ya kai kusan digiri 200, ɗigon sai ya dunƙule yana yawo a kan kaskon, ya daɗe bai ƙafe ba, domin a kan tururinsa yake zaune. Wani likita Bajamushe, Johann Gottlob Leidenfrost, ya yi bayanin wannan a 1756, kuma har yau da sunansa ake kiran abin.

Matsalar ita ce wurin da feshi ya fi aiki yana dab da wannan rami. Mai tsara tsarin yana son kusantar bakin ramin don ya ci riba, amma ba ya son faɗawa.

Me jijjiga ke sauyawa?

Motsi iri biyu ne a cikin injin. Akwai babban motsin fistan, akwai kuma ƙaramar jijjigar gangar jikin injin gaba ɗaya.

A ɗauki injin da ke juyi 3000 a minti, wanda fistan ɗinsa ke tafiyar santimita 8 daga ƙasa zuwa sama. Fistan zai hau ya sauko sau 50 a kowane sakan. A tsakiyar tafiyarsa gudunsa ya kai wajen mita 12 da rabi a sakan, a ƙarshenta kuma ya tsaya cak ya juyo. Ƙarfin fizgar da ke kansa a wurin juyowar ya kai kusan ninki 400 na nauyinsa. Idan aka ninka juyin injin zuwa 6000, fizgar ba ninki biyu take ƙaruwa ba, ninki huɗu take yi.

Yanzu a ce man na fita daga nozul da gudun mita 15 a sakan. Lokacin da fistan ke gudu sama, yana tsere wa man ne, don haka man zai same shi da gudun da bai fi mita 2 ko 3 ba. Lokacin da yake saukowa kuwa, karo suke yi da gudun da ya wuce mita 27. Feshi ɗaya, daga nozul ɗaya, amma dukan da yake yi wa ƙarfen ya bambanta kusan ninki goma a cikin juyi guda. Tazarar da ke tsakanin nozul da fistan ita ma tana sauyawa, ke nan faɗin wurin da man ke rufewa yana buɗewa yana tsukewa.

Jijjigar gangar jikin injin ba ta da faɗi, amma tana da sauri. Injin mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi, wato sau 100 a sakan idan yana juyi 3000. A feshi mai tafasa, wannan jijjiga tana taɓa shimfiɗar ruwan da ke kan ƙarfe. Tana iya karkaɗe kumfan tururi su tashi da wuri, sabon ruwa ya maye gurbinsu, sanyayawa ta ƙaru. Tana kuma iya watsar da ɗigon kafin su gama aikinsu, ko ta yage shimfiɗar ta bar busasshen wuri. Wanne zai faru ya dogara da saurin jijjigar, da faɗinta, da yawan ruwan da ake fesawa. Abin lura a nan shi ne bakin ramin nan da aka ambata ba ya zama wuri ɗaya. Adadin feshin da ya wadatar a wani juyin injin yana iya gazawa a wani.

Inda aka mayar da jijjiga abokiyar aiki

A injunan gas da wasu injunan fetur masu turbo, ana barin wani rami mai zagaye a cikin kan fistan, kusa da inda ringi suke. Nozul yana saita man cikin ƙofar ramin, man ya shiga, ya fita ta wata ƙofar. Yayin da fistan ke hawa da sauka, man da ke ciki yana dukan rufin ramin da ƙasansa, tamkar yadda ake kaɗa nono a gora don fitar da man shanu. Wannan dukan ne ke sa man ya kwashi zafi fiye da idan gudana kawai yake yi.

Darasin da ke ciki shi ne ba a son ramin ya cika. Idan ya cika maƙil, man ba shi da wurin kaɗawa. Idan kuma ya yi kaɗan, babu isasshen abin ɗaukar zafi. Wajen rabi ake nema.

Dabarar ta girmi motocin yanzu. Tun shekarun 1920 injiniya Sam Heron ya ɓullo da bawul ɗin fitar hayaƙi mai rami a ciki, wanda ake zuba wa abin da ke narkewa idan ya ji zafi. A yau sinadarin sodiyam ake sakawa, wanda ke narkewa a digiri 98. Idan bawul na buɗewa da rufewa, narkakken sodiyam yana kai-komo a ciki, yana ɗaukar zafi daga kan bawul zuwa sandarsa.

Me ya sa ba a barin feshi a buɗe kullum?

Saboda sanyin da ya wuce kima shi ma asara ne. Da safe, lokacin da injin bai ɗumama ba, baƙin mai yana da kauri, kuma juya ƙarafa a cikinsa yana cin fetur. Feshi a wannan lokacin yana jinkirta ɗumamar injin. Fetur ɗin da ya sauka a kan fistan mai sanyi ba ya ƙonewa sarai, sai ya ƙara hayaƙi da baƙin toka. Ga shi kuma famfon da ke tura man daga injin yake samun ƙarfinsa, ke nan kowane ɗigon da aka fesa babu buƙata fetur ne aka zubar.

Tsohuwar mafita ita ce ɗan bawul mai sifirin a gindin nozul, wanda ke buɗewa idan matsin mai ya kai wani mataki. Amma matsin mai ya fi bin juyin injin da kaurin man, ba zafin fistan ba. Mai mai sanyi yana da matsi sosai, don haka bawul ɗin na iya buɗewa a daidai lokacin da ba a buƙatarsa. Shi ya sa sababbin injuna, irin su zubi na uku na injin EA888 na kamfanin Volkswagen, suka koma bawul mai aiki da lantarki, wanda kwamfutar injin ke ba wa umarni. Ita ce kwamfutar da makanikai ke kira birenbos.

Matakai uku na sarrafawa

Mataki na farko shi ne kunnawa da kashewa. A ce ana son riƙe wani ƙarfe a digiri 105. Idan aka rubuta cewa a buɗe feshi da zarar an wuce 105, a rufe da zarar an sauko, bawul zai riƙa buɗewa da rufewa ba ƙaƙƙautawa har ya lalace. Maganin shi ne a ba shi tazara: a buɗe a 110, kada a rufe sai an sauko 100. Haka firji da dutsen guga ke aiki.

Mataki na biyu shi ne tsarin da ake kira PID, wanda ba ya tsayawa a kan buɗe ko rufe, yana ƙayyade yawan feshin ne. A kowane zagaye manhajar tana yin tambayoyi uku. Nawa ne bambancin zafin yanzu da wanda ake so? Tun yaushe wannan bambancin ke taruwa? Da wane sauri zafin ke hawa ko sauka? Kowace amsa ana ninka ta da wata lamba, a haɗa su, sakamakon ya zama umarnin da za a ba famfo ko bawul. Injiniya Nicolas Minorsky ne ya shimfiɗa lissafin wannan tsari a 1922, bayan ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke murza sitiyari. Da yake halin feshi na sauyawa da jijjiga, lambobi uku ɗin da suka dace a wani juyin injin ba lallai su dace a wani ba. Sai a ajiye jadawali a cikin kwamfutar, kowane zangon juyi da nasa lambobin.

Mataki na uku shi ne hasashe. Zafi yana ɗaukar lokaci kafin ya ratsa ƙarfe ya isa ga na'urar aunawa, kuma wanda ya jira sai ya gani a ma'auni ya makara. Amma kwamfutar ta san lokacin da direba ya taka totur, ta san yawan fetur ɗin da ta zuba, don haka tana iya ƙara feshi tun zafin bai iso ba. A motocin kasuwa ma babu na'urar auna zafi a jikin fistan. Kwamfutar tana ƙiyasta zafinsa ne daga juyin injin, da nauyin da yake ja, da zafin mai da na ruwa. Ma'ana, lissafin da wani ya rubuta ne ke tsaye a madadin ma'auni.

Tace karatun ma'auni

Inda ake da na'urar aunawa, jijjiga tana shiga cikin karatunta. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a wurare masu zafi wayoyi biyu ne na ƙarafa daban-daban da aka haɗe bakinsu. Nau'in K yana ba da kusan maikrobolt 41 kacal a kan kowane digiri, don haka ɗan motsin waya ko tartsatsin fulogi yana iya gurɓata shi. Tambaya ta uku ta PID, wadda ke duba saurin sauyi, ita ta fi ruɗewa da irin wannan hayaniya.

Hanya mafi sauƙi ta tacewa layi ɗaya ce:

tataccen zafi = 0.9 × tataccen zafi na baya + 0.1 × sabon karatu

Idan aka ƙara 0.9 zuwa 0.99, karatun zai yi sumul, amma zai riƙa zuwa a makare, kuma a kusa da ramin tururi jinkiri na iya jawo ƙonewar ƙarfe. Akwai kuma wani tarkon. Idan abu na jijjiga sau 50 a sakan, manhaja kuma tana karanta shi sau 50 a sakan, kullum a wuri ɗaya za ta same shi, sai ta ɗauka a tsaye yake. Ƙa'idar ita ce saurin karatu ya wuce ninki biyu na saurin jijjigar da ake son gani, ko kuma a tace ta tun kafin ta shiga kwamfuta.

Abin da ke cikin aljihu

Wayoyi da yawa suna ɗauke da ƙaramin samfurin wannan ilimi. Samsung Galaxy S7 ta 2016 ta zo da siririn bututun tagulla mai ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana zama tururi a kan furosesa, ya tafi ɓangare mai sanyi ya koma ruwa, ya dawo. Manyan wayoyin yanzu sun faɗaɗa shi ya zama faranti. Ta ɓangaren manhaja kuma, a cikin Linux, wanda aka gina Android a kansa, akwai tsarin raba wuta tsakanin sassan furosesa da ke amfani da PID. Bambancin shi ne waya tana rage zafin da take haifarwa, injin kuwa yana ƙara wanda yake kwashewa.

Mai son ganin jijjiga da idonsa zai iya sauke manhajar phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar kyauta. Tana karanta ma'aunin motsin da ke cikin waya ta zana shi. Ƙaramin janareto na gida yana juyi kusan 3000 a minti don ya ba da wuta mai bugu 50 a sakan. Idan aka riƙe waya a jikin firam ɗinsa na ɗan lokaci, nesa da salansa da tankin mai, za a ga tsini a wajen 50, muddin ma'aunin wayar na karatu fiye da sau 100 a sakan. Idan aka kunna abu mai jan wuta, tsinin zai ɗan gusa kafin ya dawo. Wannan ma tsarin sarrafawa ne ke aikinsa.

Ga mai mota

Ƙofar nozul ɗin feshi ƙarama ce ƙwarai. Baƙin man da ya daɗe ba a yi juye ba, ko jabu, yana yin dasƙarin da zai iya toshe ta, kuma allon mota ba zai nuna komai ba, domin ma'aunin da direba ke gani zafin ruwa yake aunawa. Fistan ɗaya na iya gasuwa alhali allura na zaune a tsakiya, har ranar da injin zai buga. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, man da kansa yana fara aiki da ɗumi, don haka ragowar damar da yake da ita ta ɗaukar zafi ta ragu. Yin juye a kan lokaci, da zuba mai mai kaurin da kamfani ya rubuta, da canza filta, su ne kariyar. Idan an sauke injin don gyara, ya kamata a tabbatar makaniki ya duba nozul ɗin, domin wanda ya ɗan lanƙwashe zai riƙa harba mai gefe, ya bar ramin fistan a bushe.

Haka nan kada a watsa ruwan sanyi a kan injin da ya yi obahitin, domin sanyin farat ɗaya yana iya tsaga ƙarfe ko ya lanƙwasa kan injin. Wayar da ta yi zafi ita ma kada a saka ta a firji, saboda raɓar da za ta iya taruwa a cikinta. A cire ta daga caji, a cire mata riga, a ajiye ta a inuwa ta huce da kanta.